Ranar da Verla Okerlund Ta Bar Mil na Biyar

Duk wanda ya yi firamare a Wendover ya san ƙeyar Verla Okerlund kafin ya san fuskarta. Shekara talatin da huɗu ta yi tana tuƙa bas ɗin makaranta, Lamba Tara, mu muna baya muna kallon gashinta da ta ɗaure da roba, ita kuma tana kallonmu ta dogon madubin da ke saman kanta. Ina ɗan shekara shida na fara shiga motar nan. Yau ina da wurin wankin mota mai rumfa huɗu a bakin titi, ina da 'ya'ya uku, kowa Rigo yake ce mini, amma da ta ce "Rigoberto" sai in ji bayana ya miƙe da kansa. Mu kuma har gobe Misis O muke ce mata.

Abu biyu aka san ta da su a gari. Na farko, ba ta taɓa wuce mil hamsin da biyar a awa ba, ko a bas, ko a motar kanta, ko ranar da aka kira ta aka ce mijinta ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Na biyu, babu wanda ya kai ta son kallon gudun motoci. Da Agusta ya kama, filin gishirin Bonneville ya bushe ya yi tauri, masu neman gudu suka cika gari da tireloli, to ba za ka ƙara ganinta a coci ko a kanti ba sai mako ya ƙare. Tana can kan gishiri da kujerarta da laimarta da ƙaramin rediyo, ta shafe ƙasan haɓarta da cikin hancinta da man kare rana, don a can rana daga ƙasa take ƙona mutum.

Kuma wuri ɗaya take zama: daidai mil na biyar, ƙarshen inda ake auna gudu. Motocin nan ɗaya bayan ɗaya suke tafiya, kowace ita da agogo, kuma sai a mil na biyar ne mota take sakin duk abin da ke cikinta. Misis O takan ce wurin tashi na baƙi ne da masu ɗaukar hoto. "Me za ka gani a can? Akori-kura ta turo mota kamar an turo amalanke, ta yi tari, ta tafi. Wannan shi ne kallo?"

Wannan magana da yayanta take yi, Delmont Rasband, wanda ya girme ta da shekara huɗu. Makanike ne, kuma shi tun yana saurayi a wurin tashi yake ƙare makonsa. Motocin giyarsu doguwa ce, ba sa iya tashi daga tsaye, sai an sa wata mota a baya ta tura su har giya ta kama. Del da tsohuwar akori-kurarsa ya tura motocin mutane da yawa, na sani da na ban sani ba. Shi kuma yakan ce mil na biyar na malalata ne. "Ki zauna awa uku ki ga ƙuda ya wuce a daƙiƙa biyu." Shekara arba'in suna wannan musu a teburin cin abinci na ranar Lahadi, ba wanda ya taɓa zuwa wurin wani.

Del yana da tasa motar. Tankin mai ne na tsohon jirgin yaƙi ya samo, ya yanka shi, ya sa masa taya huɗu da inji, ya yi masa fenti baƙi, ya raɗa masa suna Tarwaɗa. Shekara goma sha tara yana wannan aiki a garejin bayan gidansa, ya rubuta ɗari biyu, gudun da yake so ta kai a awa, da alli a jikin ƙofar daga ciki. Saura kaɗan ta taɓa gishiri ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta tafi, hannu ya tafi, baki ya tafi. Kalma ɗaya tak ta rage masa: "Kai." Da ita yake gaisuwa, da ita yake zagi.

Misis O ta ɗauko shi ta dawo da shi gidanta. Lokacin makaranta ta riga ta yi ritaya da Lamba Tara, gajeriyar bas ce mai injin ɗaga keken guragu a gefe, sai ta karɓe ta, ta yi mata fenti kore, ta cire kujeru huɗu. Tarwaɗa kuwa ta shekara biyu ƙarƙashin tamfol, har wani manomin masara daga Nebraska, Harlan Stuckey, ya zo ya ɗauke ta. Ranar Del bai ce "Kai" ba ko sau ɗaya.

Bana, ranar Litinin ta makon gudu, ina tsaka da wanke gishiri daga ƙarƙashin mota ta ashirin da uku sai ga koriyar bas ta tsaya a rumfa ta biyu.

"Rigoberto, gobe ba ka da aiki."

"Ni kuwa nake da aiki, Misis O. Makon nan ne mako."

"Ka bar wa surukinka. Harlan ya kira. Tarwaɗa ta ci gwaje-gwajenta, gobe za su sa ta a doguwar hanya. Del zai ga motarsa tana gudu, kuma ni kaɗai ba zan iya jan keke a kan gishiri ba."

"Nas ta yarda?"

"Nas ta yi magana, na saurara."

Abin da nas mai zuwa gida ta faɗa shi ne: huhun Del ba ya ɗaukar zafi, a gida injin iska ke taimakonsa, a waje kuwa sai tulun iska. Tulu uku ke akwai, kowane yana kai awa biyu. Da an buɗe na uku, a juyo gida, ko mota ta yi gudu ko ba ta yi ba. Ta kuma ja Misis O gefe ta ce kada ta sa rai da wani Agustan.

Na ce, "A wurin tashi za mu ajiye shi ke nan?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Mutum ya shekara goma sha tara yana ƙera abu, sai in kai shi ya ga an tura shi kamar amalanke? Motarsa ce. A mil na biyar zai gan ta, da dukkan gudunta. Sau ɗaya a rayuwarsa zai ga abin da nake gaya masa."

Gari na wayewa muka ɗaure kekensa a bas. Na loda ruwa kwalba goma sha takwas, ƙanƙara jaka huɗu, laima biyu, tulun iska uku, da tamale, dafaffen ƙullin masara da nama, guda goma sha biyu da matata ta naɗe mana. A ƙarshen kwalta ruwan saman makon jiya ya kwanta, ruwan gishiri har rabin taya, motoci na ratsawa a jere kamar masu rakiyar gawa. Wani yaro mai sabuwar jif ya zo zai wuce mu yana fantsama, Misis O ta buɗe taga.

"Kai ɗan samari! Motar haya ce ko ta babanka?"

"Ta haya ce, Kaka!"

"Shi ya sa. Je ka, gishiri zai gaishe su."

Hanyar 'yan kallo ta bi ta gefen wurin tashi. Layi ya riga ya yi tsawo, ko'ina mutane na riƙe da laima a kan direbobi. Na hango Tarwaɗa, baƙa, a kwance ƙasa-ƙasa, da jar akori-kura a bayanta. Na ƙirga motocin da ke gabanta: talatin da ɗaya. Del ma ya hango ta. Ya ɗaga hannun hagu ya buga gilashi.

"Kai! Kai!"

"Na gan ta, tsoho. Ka yi haƙuri, za ka gan ta da kyau."

Ba ta tsaya ba. Na ga wuyansa ya bi motar har ta ɓace a baya.

A mil na biyar muka tarar da maƙwabtan Misis O na kowace shekara, wasu tsofaffi daga Idaho da ke zama a kan rufin motarsu. Ɗayansu ya leƙo.

"Sista Okerlund, yau me nake gani? Delmont a nan? Ya tuba ne ko an sato shi?"

"An kawo shi makaranta. Sauko ka riƙe mana laima, kada ka faɗo ka cika mana wuri."

Muka sauke Del da injin ɗagawa, muka kafa laima, na tura kekensa har bakin igiyar da ba a ƙetarewa, fuskarsa na kallon hanya. Misis O ta shafa masa mai a haɓa, ta ajiye masa rediyo da kofin ruwa a kan ɗan tiren da ke jikin keken. Mota ta farko ta zo. Ɗigo ne a can inda gishiri ya haɗu da sama, sai ya zama layi, sai ya wuce, sannan ƙarar ta iso daga baya tana neman mai ita. Rediyo ya ce ɗari biyu da arba'in da ɗaya.

"Ka gani? Ka gani, Del?"

Del bai gani ba. Ya juya kansa hagu, wajen da muka fito, inda babu komai sai farin fili da hayaƙin zafi.

Na ci gaba da ragewa. Talatin, ashirin da tara, ashirin da takwas. A ta ashirin da biyu wani babur ya zubar da ƙarfe a hanya, aka rufe sai da aka tsince. A ta goma sha bakwai na canja tulun farko. Sai iska ta taso daga gefe, rediyo ya ce an dakata, muka zauna muna kallon tutoci. Rana ta hau. Misis O tana jiƙa tawul a ruwan ƙanƙara tana ɗora masa a wuya, shi kuma yana ture kofi duk lokacin da ta kai masa baki.

"Sha mana. Fushi kake da ni ko da ruwan?"

"Kai."

"Kai ɗin ma. Sha."

Da iska ta lafa aka ci gaba, sai na ji rediyo ya faɗi a kan gishiri. Na ɗauka na mayar. Ba a jima ba ya sake faɗuwa. Wannan karon na ga yadda aka yi: Del ya sa kofin a bayan rediyon ya tura shi har bakin tire.

"Ka ga yarinta ko? Shekara saba'in da biyar," in ji Misis O. "Rigoberto, saura nawa?"

"Tara. Tulu na biyu kuma ya wuce rabi."

"Za mu kai."

Na mayar da rediyon karo na uku. Del ya jira har ta juyo tana kallonsa. Ya sa kofin a bayan rediyon a hankali, sai da suka taɓa juna ba tare da ƙara ba. Ya tura kaɗan-kaɗan, ya ƙara sauri, da suka kusa bakin tire sai ya karkatar da kofin gefe ya bar rediyon ya tafi shi kaɗai. Haka motar turi take yi, ta saki, ta kauce daga hanya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin tashi ya san wannan kaucewar.

Ban ɗauki rediyon ba. Misis O ta tsaya da jiƙaƙƙen tawul a hannu yana ɗiga a takalminta. Wata mota ta wuce a bayanta da ɗari biyu da wani abu, karon farko da na ga ba ta waiwaya ba.

"Motocin mutane ka tura duk rayuwarka," ta ce. "Taka ce ba ka tura ba."

"Kai," in ji Del, a hankali.

"Da bakinka na nan da tun jiya ka cika mini kunne. Na ga ba ka da baki na yi yadda nake so." Ta matse tawul ɗin. "Rigoberto, kwashe. Bar laimar, bar kujerun, mutanen Idaho su ci gado."

Saura takwas. Mil biyar ne komawa, an kuma rubuta talatin da biyar a allon hanyar 'yan kallo. Talatin da biyar ta yi. Ina tsaye a bayanta ina kallon motoci na wucewa ta ɗaya gefen, ina ragewa da ƙarfi ko za ta ji kunya ta taka.

"Bakwai, Misis O."

"Na ji."

"Shida. Babu ɗan sanda a nan fa."

"Akwai ni. Zauna, ba a tsayuwa mota na tafiya."

Da muka iso, motoci biyar ne a gaban Tarwaɗa. Harlan Stuckey ya riga ya sa rigar wuta, jajir yake kamar dafaffe, matarsa Ardis na riƙe masa laima. Ita ce mai tuƙa jar akori-kurar. Da suka ga Del na saukowa a injin ɗagawa, Harlan ya zo ya durƙusa ya kama hannunsa na hagu.

"Mista Rasband, ko ƙusa ɗaya ban canja a bayanta ba. Je ka duba."

Na tura shi har wutsiyar motar. Ya sa tafinsa a kan ɗan ƙarfen turi da ya yi wa walda da kansa, ya bar shi a nan.

Misis O ba ta ɓata lokaci ba. "Harlan, so yake ya tura ta."

Ardis ta ce ai sai a sa shi a gaba kusa da ita. Muka buɗe ƙofar akori-kurar muka duba. Kujerar ta kai ƙirjina, Del kuma ba ya iya zama ba tare da madaurin kekensa ba, ga tulu, ga tiyo. Mu uku muka gwada ɗaga shi, ya yi wani nishi da ya sa muka mayar da shi nan take.

Saura huɗu. Tulu na biyu ya ƙare, na ɗauko na uku na tsaya da shi a hannu ina kallon Misis O.

"Buɗe."

"Nas ta ce..."

"Na san abin da ta ce. Ta ce a juyo gida. Ba ta ce ta wace hanya ba. Buɗe." Ta juya ga Harlan. "Da bas ɗina za a tura."

Harlan ya dubi Lamba Tara tun daga rufi har taya, ya fashe da dariya, sai ya ga ita ba dariya take ba. "Misis Okerlund, gishirin yau da laushi. Giyar nan ba ta kamawa sai a sittin. Ƙasa da haka injin ya shaƙe, layina ya tafi, sai in koma baya in sake bi."

"Sittin," ta maimaita.

Na ce, "Misis O ba ta..."

"Wa ya tambaye ka?"

Ardis ce ta yanke magana. "Harlan, motar mutumin ce kafin ta zama taka. In ta shaƙe ka sake layi, masara ba ta jiranka wannan makon."

Aka kira mai ba da hannu, wanda ke sallamar motoci a wurin tashi, wani dogo cikin fararen kaya, kunnensa da abin magana. Ya zagaya bas ɗin sau ɗaya yana taɓa haɓa.

"Na ga an yi turi da motar asibiti, na ga an yi da motar ɗaukar gawa. Wannan ban taɓa gani ba. Abin kashe gobara?"

"Biyu," in ji Misis O.

"Oba-oba?"

"Tun kafin a haife ka."

"Katakon turi? Ba za a sa ƙarfe a ƙarfe ba. Idan layinku ya zo babu katako, akori-kura ce za ta tura, ko ku ba na baya hanya."

Katako ɗaya ne a wurin, wanda ke gaban motar Ardis, da noti huɗu. In na cire shi ban ɗaura a bas ba, an rasa duka biyu. Na kwanta a gishiri da sifana. Uku suka fita salin-alin, na huɗu ya ci tsatsa, sai da wani daga layi ya miƙo mini dogon bututu na ƙara a hannun sifanar. Saura uku. Na kai katakon gaban bas, sai ga wata matsala: bambar bas ta fi ƙarfen Tarwaɗa tsawo da kusan taƙi guda. In aka tura haka, wutsiyar za a murƙushe.

"Kai! Kai!"

Del ne, yana nuna ƙasan bambar da ɗan yatsa. Na leƙa. Ƙugiyoyin jan mota guda biyu ne a can ƙasa, kowace da rami. Na ɗora katakon a kansu, ya zauna daidai da ƙarfen kamar an auna. Ramukan katakon ne ba su dace ba. Kafin in buɗe baki, mutanen layi sun miƙo injin huda, wani ya kawo dogayen ƙusoshi, wata mata ta tsaya ta yi mini inuwa da kwali tana ce mini in yi sauri ita ma rana na cin ta. Saura biyu na huda. Saura ɗaya na ɗaure. Mai ba da hannu ya zo ya sa ƙafa ya doki katakon sau biyu, ya ɗaga babban yatsa.

Muka shigar da Del. Ba a wurinsa na kullum muka ɗaure shi ba, gaba muka kawo shi, kusa da direba, inda a da yaron da ya yi laifi yake zama. Ni na sha zama a wurin. Madauri huɗu, na ja kowane sau biyu. Ardis ta zauna a kujerar farko da oba-oba. Ta gilashi muna ganin wutsiyar Tarwaɗa da bayan hular kwanon Harlan, gabansu kuma babu komai, fari har ƙarshen ido.

Injin Tarwaɗa ya tashi, gilasan bas duka suka ɗauki rawa. Mai ba da hannu ya duba madaurin Harlan, ya rufe murfin, ya ja baya, ya nuna hanya da hannu biyu.

Misis O ta matsa har katako ya taɓa ƙarfe. Ban ji taɓawar ba sam, Del ne ya gyaɗa kai. Ta fara takawa. Goma. Ashirin. Ina tsugune a bayan kujerarta ina karanta allura da ƙarfi. Talatin. A arba'in tayoyin baya suka ɗan yi santsi, bas ta karkata, ta dawo da ita da yatsu biyu kamar ranar ƙanƙara. Hamsin. Kwalaben ruwa na birgima a ƙasa. Hamsin da biyar.

A nan allurar ta tsaya. Na ga ƙafarta ta tsaya da kanta, yadda ta saba tsayawa shekara hamsin.

"Saura biyar, Verla," in ji Ardis. "Giyar ba ta kama ba."

Del ya ɗaga hannunsa na hagu ya sauke shi a kan gwiwar ƙanwarsa, ya danna.

"Cire hannunka, tsoho, ni ke tuƙi!"

Ta taka har ƙasa. Lamba Tara ta yi wani kuka da ban taɓa jin ta yi ba. Hamsin da bakwai. Hamsin da tara. Sittin da ɗaya. Sai ƙarar Tarwaɗa ta canja, ta yi kauri, wutsiyar ta rabu da katako, ta watso mana gishiri a gilashi kamar an watsa tsakuwa. Misis O ta karkata ta bar hanya, daidai yadda kofin ya yi. Del ya bi motarsa da ido tana ƙanƙancewa, baƙar tarwaɗa, baƙin ɗigo, sannan babu.

"Kaaai," ya ce.

Muka bi hanyar ɗauko mota da ke gefe, allura ta koma inda ta saba. Oba-oba ta fara karanto gudun Tarwaɗa. Mil na uku, ɗari da saba'in da takwas. Mil na huɗu, ɗari da casa'in. Mil na biyar, ɗari da casa'in da shida, laimar birki ta buɗe, mota lafiya, direba lafiya. Ardis ta yi ihu ta rungume ni har hulata ta faɗi.

Misis O ba ta ɗauke ido daga hanya ba. "To, ban gani ba. Mutanen Idaho sun gani a kan kujerata." Ta gyara riƙon sitiyari. "Da kyau daga baya?"

Del ya ɗaga hannu, ya naɗe babban yatsa, ya nuna mata huɗu.

"Na iya lissafi. Saura huɗu."

Muka ajiye Ardis wurin mijinta, ba mu ko sauka ba, Harlan ya ɗago mana hannu daga nesa yana cire hular kwano. Allurar tulu na uku tana cikin ja lokacin da muka ratsa ruwan ƙarshen kwalta, kuma ta kwanta gaba ɗaya ina cikin tura keken a ƙofar gida. Na haɗa shi da injin iska na gida da hannuna. Ya sha ruwa kofi biyu, ya ci rabin tamale, ya yi barci da gishiri a girarsa.

Da yamma ta kawo bas ɗin rumfa ta biyu. Gishiri ya daskare a ƙarƙashinta kamar siminti, na sa tiyo na fara. Da na zo gaba na ɗauko sifana zan cire katakon in mayar wa Ardis.

"Bar shi a nan."

"Na mutane ne, Misis O."

"Na yi magana da mutanen. Harlan ya ce da sanyin safiya injin ya fi ja, in muka shiga layi da wuri motoci ba za su wuce goma a gabanmu ba. Nas ta zo ta auna shi, ta yi faɗanta ta gama, ta ce tulu biyu, kuma kafin rana ta yi zafi yana gida." Ta miƙo mini makullin ɗakin ajiyarta. "Ka cire kujerun baya da tayar safaya, nauyi ne kawai. Kuma gobe kada ka karanta mini allura. Na san inda sittin yake."

Na ce surukina zai kashe ni. Ta ce in gaishe shi. Kujeru shida ne, noti ashirin da huɗu, na fara da na hagu.